Ziyarar Lambun Malam Buɗe Littafi na Cikin Gilashi: Tambayoyi da Amsoshi

Wai mene ne wannan lambu, kuma me zan tarar a ciki?

Babban ɗaki ne da aka yi bangonsa da rufinsa da gilashi ko roba mai shigar da haske. A ciki an shuka itatuwa da furanni irin na dazukan ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama, sannan aka saki ɗaruruwa ko dubban malam buɗe littafi suna yawonsu a sake. Babu keji tsakaninka da su. Kai ne baƙo, su ne masu gida. Za ka bi 'yar siririyar hanya da ke karkacewa tsakanin shuke-shuke, galibi akwai ɗan tafki ko ruwa mai gangarowa daga dutse, ƙwarin kuma suna gilmawa ta gaban fuskarka.

Abin bai daɗe a duniya ba. A shekarun 1970 aka fara shi a tsibirin Guernsey da ke tsakanin Ingila da Faransa, cikin ɗakunan gilashin da a da ake noman tumatir. Na Landan ya buɗe a 1981 a filin Syon, na Stratford-upon-Avon a Ingila ya biyo baya a 1985, na tsibirin Penang a Malesiya a 1986, sai Butterfly World na jihar Fulorida a Amurka a 1988. Na kusa da mafaɗar ruwan Niagara a Kanada ya buɗe a 1996, na Dubai a 2015. Har filin jirgin saman Changi na Singafo yana da nasa, inda matafiyi zai shiga ya huta kafin jirginsa ya tashi.

An ce akwai zafi a ciki. Wane irin kaya zan sa?

Akwai zafi, amma ba shi ne abin da ke gajiyar da mutane ba, laima ce. Yawanci ana riƙe ɗakin a kan digiri 26 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyas, laimar iska kuma kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. A irin wannan iska gumi ba ya bushewa, sai dai ya yi ta tsiyaya. Ko wanda ya saba da rana mai ƙuna zai ji bambanci, domin busasshen zafi daban, jiƙaƙƙen zafi daban.

Ka sa kaya marasa nauyi, na auduga sun fi. Idan lokacin sanyi ne a waje, ka yi shiga yadda za ka iya cire rigar sama a bakin ƙofa. Takalmi kuma ya zama mai kama ƙasa, saboda ana feshin ruwa a kai a kai, hanyar takan yi santsi. Ka sha ruwa kafin ka shiga, don wurare da yawa ba sa barin a ci ko a sha a ciki.

Ba don a wahalar da kai ake ɗumama wurin ba. Malam buɗe littafi ba ya ɗumama jininsa da kansa yadda mu muke yi. Sai naman da ke kaɗa fukafukansa ya kai wajen digiri 30 kafin ya iya tashi da kyau, laimar kuma ita ke hana 'ya'yan da ke cikin kwanso bushewa su mutu.

Wane lokaci ya fi dacewa in je?

Da hantsi, a ranar da gari ya yi haske. Ko da ɗakin na da ɗumi, hasken rana ne ke tayar da su. Ran da hadari ya rufe sama, za ka same su sun lafe ƙarƙashin ganyaye, mai gaggawa ya zagaya ya fito yana cewa babu komai a ciki. Da safe ne kuma sababbi suka fi fitowa daga kwanso. Idan son samu ne, ka guji ranakun hutu da lokacin da makarantu ke kawo ɗalibai.

La'asar ma tana da nata rabon, domin akwai irin da ba ya motsi sosai sai rana ta yi sanyi.

Daga ina ake samo su? Daga daji ake kamowa?

A'a, kiwonsu ake yi, kuma ba sa zuwa da fukafukai. Malam buɗe littafi yana bin matakai huɗu a rayuwa: ƙwai, tsutsa, kwanso, sannan babba mai tashi. A matakin kwanso ba ya ci, ba ya sha, ba ya tafiya, don haka a nan ne ake iya yi masa doguwar tafiya. Manoma a Kosta Rika, Ekwado, Filifin, Malesiya da Kenya suna ajiye iyaye a rumfunan raga, su tsince ƙwan daga ganye, su yi ta ciyar da tsutsar har ta shiga kwanso. Daga nan sai a jera kwansunan a kan auduga cikin akwati, a ɗora a jirgin sama. Dole a yi sauri, saboda yawancinsu mako ɗaya zuwa biyu kawai suke yi a ciki. Jirgi ya yi jinkiri, sai su fito a cikin akwati fukafukai a murɗe, an yi asara ke nan.

Kiwon ba wasa ba ne, don kowane iri da ganyen da tsutsarsa ke ci, ba ta kuma yarda da wani ko yunwa za ta kashe ta. Uwar ma kafin ta saka ƙwai sai ta bubbuga ganyen da ƙafafunta ta ɗanɗana, domin a ƙafa suke jin ɗanɗano. Wanda zai yi wannan sana'a dole ya zama manomin ganye tukuna.

Lambu mai girma yana karɓar sabon akwati kusan kowane mako. Shi ya sa wanda ya je yau da wanda zai je bayan wata biyu ba lallai su ga abu ɗaya ba.

Mene ne wancan akwatin gilashi da aka rataye abubuwa jere a ciki?

Nan ne ɗakin haihuwa, kuma a ganina ya fi komai a lambun cancantar a tsaya masa. Abin takaici, shi ne mutane suka fi wucewa da sauri, sun ɗauka kayan ado ne. Kwansunan da suka zo daga gona ne ma'aikata ke manna wa a jikin sanduna, kai a ƙasa, yadda da yawansu suke rataye a daji. Wasu kore shar, wasu launin busasshen ganye, wasu kuma suna ƙyalli ruwan zinariya.

Ka nemi wanda ya yi duhu, wanda ake hango zanen fiffike ta cikin fatarsa. Wannan ya kusa. Idan ka yi haƙuri za ka ga kwanson ya tsage daga ƙasa, kai ya fara leƙowa, sai ƙafafu su kama gefe, sai dukan jikin ya sulluɓo ya rataye. Abin da ya fito bai yi kama da wanda ke yawo a sama ba ko kaɗan: ciki a kumbure, fukafukai 'yan ƙanana a jiƙe a cukurkuɗe. Sai ya fara tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fukafukan, kana kallo suna miƙewa, cikin yana sacewa. Cikin 'yan mintuna sun kai girmansu, amma sai sun yi awa ɗaya ko biyu kafin su bushe su yi ƙwari.

Idan ka matso da ido sosai, za ka ga yana ta warware bakinsa yana naɗewa. Dogon bakin nan da yake zuƙar ruwa da shi a rabe biyu yake fitowa, sai ya haɗe ɓangarorin sun zama bututu ɗaya. In bai haɗu ba, ba zai iya ci ba har ya mutu. Jan ruwan da kake gani ya ɗiɗɗiga a ƙasan akwatin kuwa ba jini ba ne, dattin da ya taru a jikinsa lokacin da yake cikin kwanso ne ya fitar. Yara kan tsorata da shi, sai a gaya musu.

Zan iya taɓa su?

Kada ka kama, kada ka riƙe fiffike. Garin nan da ke maƙalewa a yatsa ƙananan ɓawo ne jere bisa jere, su ne ke ba fiffiken launinsa. Gogewar kaɗan ba ta kashe shi nan take, amma abin da ya goge ya tafi ke nan, ba ya sake tsirowa, haka ma fiffiken da ya yage ba ya warkewa. Ƙafafunsa kuma suna da 'yan ƙananan farata da yake kama ganye da su, in ka fizge shi daga kan fure za ka iya barin ƙafa a can.

Idan shi ya zo ya sauka a kanka, wannan daban. Ka bar shi ya gama abin da ya kawo shi. In lokacin tafiyarka ya yi bai tashi ba, ka kira ma'aikaci.

To yaya zan yi ɗaya ya sauka a jikina?

Ka tsaya cik. Wannan ce dabarar, sauran duk ƙari ne. Idanunsu sun ƙware wajen ganin motsi, kuma a wurinsu abu mai motsi da sauri tsuntsu ne ko ƙadangare. Mai binsu da hannu a miƙe ba ya samun komai, wanda ya nemi benci kusa da furanni a inda rana ke faɗowa ya zauna shiru, shi suke samu. Kaya masu haske, ja ko ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, sukan taimaka. Gumi ma yana jawo su, don suna neman gishirin da ke cikinsa, musamman mazan. Saboda haka idan ɗaya ya sauka a goshinka ya warware baki yana taɓawa, ba so ba ne, gishiri yake sha.

Kada ka shafa maganin sauro kafin ka shiga. Kuma kada ka yi wa yaro alkawarin cewa lallai za su sauka a kansa, don abin rabo ne.

Suna cizo ko harbi?

Ba su da haƙori, ba su da ƙari. Abin da za ka ji kawai shi ne ɗan ƙaiƙayin ƙafafunsu a fata.

Waɗanne iri zan fi gani?

Akwai nau'in malam buɗe littafi kusan 18,000 a duniya, lambu ɗaya kuwa kan nuna 'yan gommai a lokaci guda. Amma akwai waɗanda kusan ko'ina ka je sai ka same su.

Sarkinsu shi ne Morpho mai shuɗi, ɗan dazukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, faɗinsa ya kai tafin hannu. Shuɗinsa ba rini ba ne. Ɓawon fiffikensa ne ke da wani tsari mai hawa-hawa, ƙanƙane ƙwarai, wanda ke mayar da hasken shuɗi kaɗai zuwa ido, shi ya sa launin ke sauyawa idan ka karkata kai. Da ya sauka sai ya rufe fukafukai, ya koma ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo, ka rantse ba shi ne ya wuce yanzu ba. Masu ɗaukar hoto sun san wannan wulaƙanci.

Sai Caligo, mai babban zane irin idon mujiya a bayan fiffike. Yini yake yi manne a jikin itace ko kan farantin abinci, sai da yamma ya tashi. Akwai Heliconius, masu dogayen fukafukai baƙaƙe da ratsin ja ko ruwan ɗorawa, masu tashi a hankali ba tsoro, saboda tsutsarsu ta ci ganye mai dafi, tsuntsaye sun san ba su da daɗi. Su kaɗai ne fitattu wajen cin garin fure ban da ruwansa, abin da ke sa su yi watanni a raye alhali sauran makonni suke yi. Idea leuconoe na kudu maso gabashin Asiya fari ne mai zanen baƙi, yana shawagi a sanyaye, shi ne kuma ya fi yawan sauka a kan mutane. Greta oto fukafukansa garau suke, ana hango ganyen da ke bayansa. Kallima in ya rufe fiffike ya zama busasshen ganye sak, har da jijiyar tsakiya. Daga Afirka kuma akan kawo Papilio demodocus, baƙi mai ɗigon ruwan ɗorawa, wanda tsutsarsa ke cin ganyen lemo.

Wani lokaci za ka ga wani ƙato ruwan ƙasa-ƙasa manne a reshe ba ya motsi, ƙarshen fukafukansa da siffar kan maciji. Attacus atlas ke nan, daga dangin masu yawon dare, faɗinsa kan kai santimita 25. Ba shi da bakin ci sam. Kitsen da ya tara yana tsutsa shi yake ƙonawa, ya yi mako ɗaya ko biyu, ya hayayyafa ya mutu.

Ga wani abin gwadawa: ka ƙirga ƙafafun Morpho idan ya sauka. Huɗu za ka gani, ko da yake ƙwaro ƙafa shida gare shi. Biyun gaba sun ƙanƙance, yana naɗe da su a ƙirji.

Me ya sa ake ajiye ruɓaɓɓun 'ya'yan itace a faranti? Ba ƙazanta ba ce?

Abinci ne. A ƙarƙashin manyan itatuwan daji furanni ba su da yawa, don haka Morpho da Caligo ruwan 'ya'yan itacen da suka faɗo suka ruɓe suke sha. Ayaba da ta yi baƙi, abarba, mangwaro, iyakar laushinsu iyakar daɗinsu. Ruwan kan yi tsami har ya ɗan bugar da su, shi ya sa na kan faranti ba sa saurin tashi. In kana son ganin baki yana aiki, nan za ka durƙusa.

Na ga wasu da yagaggun fukafukai, har da matacce a ƙasa. Ba a kula da su ne?

Ba lallai ba. Yawancinsu mako biyu zuwa huɗu suke yi bayan sun fito daga kwanso, don haka a ɗakin da ke da dubu, kullum sai an samu masu mutuwa. Ma'aikata kan zagaya da sassafe su tsince. Mai koɗaɗɗen launi da yagaggen gefe tsoho ne kawai, ya sha karo da rassa da 'yan'uwansa, kuma yana iya tashi ko da ya rasa yanki mai yawa na fiffike. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne ka ga da yawa suna ta bugun gilashi, furanni sun bushe, faranti babu komai. Wannan sakaci ne.

Kada ka ɗauki matacce ka sa a aljihu, dokar fita da mai rai ita ce dokar fita da matacce. Ka kuma riƙa duban ƙasa kana tafiya, don sukan sauka a kan jiƙaƙƙiyar hanya su sha ruwa, ba kuma sa kaucewa takalmi.

Me ya sa ƙofa biyu, kuma me madubi yake yi a wurin fita?

Don kada ko ɗaya ya fita. Ana rufe ƙofar farko kafin a buɗe ta biyu, wasu wuraren ma da labulen roba ko iska mai busowa daga sama. Madubin na duba bayanka ne, da hularka da jakarka, ko wani ya maƙale. Baƙon ƙwaro in ya kuɓuta a ƙasar sanyi mutuwa zai yi, in kuma ƙasar ɗumi ce zai iya hayayyafa tsutsarsa ta zama annoba ga amfanin gona, ko ya kai wa na gida cuta. A Amurka sai da izinin ma'aikatar noma ake buɗe irin wannan lambu, kuma ƙofofin nan suna cikin sharuɗɗa.

Ban ga tsutsa ko ɗaya ba. Ina suke?

Wurare da yawa da gangan ba sa shuka ganyen da ake saka ƙwai a kai, wasu saboda doka, wasu saboda ɓarna: tsutsar Caligo kaɗan sun isa su mayar da bishiyar ayaba tsinke. Inda ake barinsu, ka nemi ganye mai huji-huji ko baƙin kashi ƙanana a ƙasa, sai ka leƙa bayan ganyen da ido, ba da hannu ba.

Tun da ba a fesa maganin ƙwari a wurin, wasu lambunan kan saki 'yan ƙananan tsuntsaye dangin makwarwa su riƙa tsince tururuwa da gizo-gizo a ƙasa. In ka ga wani abu ya gifta da gudu ƙarƙashin ganye, su ne.

Zan iya ɗaukar hoto?

Ƙwarai kuwa. Sai dai da ka shiga, gilashin kyamara da tabarau za su yi gumi, musamman in daga sanyi ka fito. Gogewa ba ta magani, sai ka jira minti goma zuwa sha biyar su ɗauki ɗumin ɗakin. Kada ka cire gilashin kyamara a ciki, laima za ta shige. Wurare da yawa sun hana sandar ɗora kyamara saboda hanya ba faɗi, wasu sun hana filasha, sai ka tambaya a ƙofa.

Kada ka bi mai tashi. Ka zaɓi fure ɗaya da ka ga suna yawan zuwa, ka daidaita kyamara a kansa ka jira. Ka sunkuya daidai tsayinsa, ka kula kada inuwarka ta faɗa masa. Morpho kuwa, bidiyo ya fi hoto, daga baya ka tsayar a inda ya buɗe.

Wurin ya dace da yara, tsofaffi da marasa lafiya?

Ya dace da yara sosai, in an gaya musu abu uku tun a waje: ba gudu, ba kamawa, a duba ƙasa. Ƙaramin yaro kan kai duka in abu ya sauka masa ba zato, don haka a riƙe hannunsa. Akwai kuma yaran da ke tsoronsu da gaske, har manya ma akwai. Kada a tilasta, a fara da akwatin kwanso inda gilashi ya raba su.

Jarirai da tsofaffi da masu juna biyu zafin kan yi musu yawa da wuri. Mai asma ya riƙe maganinsa a hannu. Duk wanda ya ji jiri ya fita ya sha iska, yawanci ana barin a dawo. Galibin wuraren keken guragu na shiga, amma keken jarirai wasu kan ce a bar shi a waje.

Kuɗin da na biya yana taimakon daji kuwa, ko kasuwanci ne kawai?

Duka biyun. Kasuwanci ne, babu ɓoyewa, kuma waɗanda ake nunawa galibi ba masu fuskantar ƙarewa ba ne, an zaɓe su ne don kyau da sauƙin kiwo. Mafi girma a duniya, Ornithoptera alexandrae na Papua New Guinea, ba za ka gan shi a lambu ba, domin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta haramta cinikinsa. Kada kuma ka ɗauka ana sakin na lambun a daji, a nan suke ƙare rayuwarsu.

Amfanin yana can inda ake kiwo. A Kenya, shirin Kipepeo da aka fara a 1993 ya sa mazauna gefen dajin Arabuko-Sokoke suna sayar da kwanso zuwa ƙasashen waje. Mutumin da abincinsa ya dogara da ganyen daji da ƙwarin daji ba zai so a sare dajin a yi gawayi ba. A tsaunukan Usambara na Tanzaniya ma an yi irin wannan a yankin Amani. Ba kowane mai kiwo ne ke aiki da wannan niyya ba, saboda haka ka tambayi ma'aikata daga ina kwansunansu suke zuwa. Lambun kirki ba ya jin nauyin amsawa.

Awa nawa zan ware?

Hanyar kanta gajera ce, mai sauri zai gama ta cikin minti goma sha biyar ya fito bai ga rabin abin da ke ciki ba. Ka ware awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ka zagaya sau biyu: na farko don ido ya saba, na biyu kana duban bayan ganyaye, jikin itatuwa da saman rufi inda suke taruwa neman haske. Tsakanin zagayen biyu ka koma wurin akwatin kwanso, wanda ka bari ya yi duhu ɗazu mai yiwuwa ya riga ya tsage. In wurin yana sakin sababbi a gaban baƙi, ka tambayi ƙarfe nawa ake yi tun lokacin da kake sayen tikiti.